Henry Moseley: matashin da ya gano asalin lambar kowane sinadari

Idan ka taɓa raka mai juna biyu awo, ka ga ana ba ta ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ayon. Yaro mai gudawa ana haɗa masa ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zink, mai raunin ƙashi kuma a rubuta masa kalsiyam. Waɗannan ukun a layi ɗaya suke zaune, layi na huɗu, a jadawalin sinadarai da ake mannawa a bangon ajin kimiyya: kalsiyam lamba 20, ayon 26, zink 30. Wanda ya fara tabbatar da abin da lambobin nan suke ƙirgawa wani Bature ne ɗan Ingila, Henry Moseley, wanda bai cika shekara 28 a duniya ba.

An haife shi a garin Weymouth ranar 23 ga Nuwamba, 1887. Mahaifinsa farfesa ne a Jami'ar Oxford, ya rasu a 1891, yaron bai kai shekara huɗu ba. A Oxford ɗin ya yi digiri, ya gama a 1910, sannan ya tafi Manchester aiki ƙarƙashin Ernest Rutherford.

A lokacin, jadawalin da Mendeleev ɗan Rasha ya tsara a 1869 bisa nauyi yake jera sinadarai, daga marar nauyi zuwa mai nauyi. Sai dai akwai wuraren da lissafin ya ƙi. Kobalt ya fi nikel nauyi, amma halayensa sun sa dole a ajiye shi kafin nikel. Haka aidin, wanda ake sa wa gishiri don hana maƙoƙo: sai da aka tsallakar da shi bayan wani sinadari da ya fi shi nauyi. Ba wanda ya san dalili.

A 1913 Moseley ya ɗauki sinadaran layi na huɗu, daga kalsiyam zuwa zink, yana sa su ɗaya bayan ɗaya cikin bututun da aka zuƙe wa iska, yana harbin su da ilektiron, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki da ke kewaye tsakiyar kowace ƙwayar zarra. Idan harbin ya fizge ilektiron na can ciki, wani daga waje yakan faɗo ya cike gurbin, a faɗowar sai ya saki hasken eksre. Injin da ake maka hoton ƙirji da shi ma ƙarfe yake harbi da ilektiron ya samu haskensa. Da Moseley ya auna hasken, sai ya ga yana ƙaruwa daki-daki kamar matakala, kowane sinadari taki ɗaya sama da maƙwabcinsa, nauyi bai shiga ciki ba. Ashe lambar cajin da ke tsakiyar ƙwayar zarra take ƙirgawa, kuma daidai take da yawan ilektiron da ke kewaye. Kobalt 27 ne, nikel 28.

Kada ka raina takin nan guda. Ayon, lamba 26, shi ke riƙe iskar da muke shaƙa a cikin jan jini. Kobalt, maƙwabcinsa, yana cikin bitamin B12. Rashin kowannensu yana kawo ƙarancin jini, amma ɗaya ba ya yin aikin ɗaya. Shi ya sa nake damuwa in majiyyaci ya ce mini ya yi wata uku yana shan maganin ƙarin jini daga kemis ba tare da gwaji ba. In B12 ne ya yi ƙaranci, ayon ba zai gyara ba, kuma jijiyoyi na iya lalacewa kafin a gane.

A 1914 ya faɗaɗa awon daga alminiyam, lamba 13, har zinare, lamba 79. Ya ga takin da ba kowa a kai, ciki har da 43, 61 da 75, ya ce akwai sinadaran da ba a gano ba tukuna.

Yana Ostiraliya wajen taron masana kimiyya aka fara Yaƙin Duniya na Farko. Ya dawo ya shiga soja da kansa, duk da danginsa sun so ya haƙura, aka ba shi aikin sadarwa. Ranar 10 ga Agusta, 1915, harsashi ya same shi a ka a Gallipoli, ƙasar Turkiyya ta yau.

Bayan shekara 22, a 1937, Carlo Perrier da Emilio Segrè suka gano sinadari na 43 a Palermo ta Italiya, aka sa masa suna teknitiyam. Shi ne ake yi wa majiyyaci allurarsa ɗan kaɗan a sashen hoton nukiliya don duba ƙashi, zuciya, ƙoda ko maƙoƙo. Idan likita ya tura ka irin wannan hoto, ka sani rabin ƙarfin haskensa yana gushewa duk bayan awa shida, wani kaso kuma yana fita ta fitsari, shi ya sa za a ce ka yawaita shan ruwa bayan an gama. Mai juna biyu ko mai shayarwa ta faɗa wa ma'aikata kafin a yi allurar.