Bob Marley da Baƙin Tabon da Ya Zama Ajalinsa

Gabatarwa

A hutun da ya wuce na je gida Sheda, cikin Ƙaramar Hukumar Kwali, na tarar da yayata da cikin wata shida. Wata rana ta nuna mini tawadar Allah da ke tafin ƙafarta, ta ce tana ƙara faɗi. Mutanen gida suka ce aikin ciki ne, in ta haihu zai wuce. Hankalina bai kwanta ba, domin na tuna da tarihin wani mawaƙi wanda irin wannan tabo ya zama ajalinsa. Shi ne zan kawo wa mai karatu a taƙaice.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Robert Nesta Marley ranar 6 ga Fabrairu, 1945, a ƙauyen Nine Mile na ƙasar Jamaika. Mahaifiyarsa Cedella baƙar fata ce, mahaifinsa kuwa Bature ne. Ya tashi cikin talauci a unguwar Trenchtown ta birnin Kingston. A 1963 shi da Peter Tosh da Bunny Wailer suka kafa ƙungiyar da ta shahara da sunan Wailers. Waƙoƙinsa na rege sun karaɗe duniya saboda jigonsu na 'yanci da haɗin kan baƙar fata, har ma ya yi wasa a bikin samun 'yancin Zimbabuwe a 1980.

Ciwonsa da Rasuwarsa

A shekarar 1977 aka ga wani baƙin tabo a ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafarsa ta dama. Da farko an ɗauka rauni ne na wasan ƙwallo. Da aka yi gwaji sai aka gano melanoma ce, wato muguwar sankarar fata. Likitoci suka ba da shawarar a yanke yatsan, amma ya ƙi. Farcen da fatar wurin kawai aka cire. A watan Satumba na 1980 ya yanke jiki ya faɗi a birnin New York, ashe cutar ta riga ta bazu. Bayan jinya a Jamus, ya rasu a Miami ta Amurka ranar 11 ga Mayu, 1981, yana da shekara 36.

Darasi

Da yawanmu muna ganin sankarar fata cutar Turawa ce. To, a jikin baƙar fata takan fito ne a tafin ƙafa ko tafin hannu ko ƙarƙashin farce. Gaskiya ne juna biyu kan sa fata ta yi duhu, kuma tawadar da ke kan ciki ko mama kan ɗan miƙe. Amma wadda gefenta ya karkace, ko launinta ya rarrabu, ko ta wuce milimita 6, ko take zubar da jini, ba abin jira sai an haihu ba ce. Ana iya kashe zafin wurin da allura a ɗebi ɗan yanki a gwada, ko da mace tana da ciki.

Kammalawa

Wannan tarihi na ba yayata, washegari muka tafi asibiti a Gwagwalada. Sakamako ya nuna tata tawadar ba ta da illa, muka yi hamdala. Ina kira ga 'yan uwana ɗalibai, duk wanda ke da mai ciki a gida ya tuna mata, ranar awo ta nuna wa likita har tafin ƙafarta.