Lucy Kumm (1865–1906): Uwar Marayun Da Ba Ta Taɓa Gani Ba

A cikin birnin Maiduguri akwai unguwa mai suna Mafoni. Kaɗan ne daga cikin masu wucewa ta wurin suka san cewa nan ne Turawan mulki suka yi sansani tun kafin Shehu Garbai ya kafa Yerwa a 1907, kuma nan ne gwamnati ta buɗe gida domin yaran da aka ƙwato daga hannun fataken bayi. Akwai wani gida irinsa a Zungeru, hedkwatar Gwamna Lugga. Dokar da aka kafa a 1901 ta hana kamun bayi da cinikinsu, amma doka ba ta iya mayar wa yaro uwarsa. Da yawa daga cikin yaran an sace su tun suna ƙanana, ba su iya faɗin sunan garinsu, balle a kai su gida. Wa zai zama musu uwa da uba? Amsar da masu bishara suka bayar tana ɗauke da sunan wata mace wadda ba ta taɓa sa ƙafa a ƙasar nan ba, wato Lucy Kumm.

Gidan da ta tashi

An haifi Lucy Guinness a shekara ta 1865. Mahaifinta, Henry Grattan Guinness, shahararren mai wa'azi ne daga ƙasar Ailan. Mahaifiyarta, Fanny, marubuciya ce. A 1873 suka buɗe makarantar horar da masu bishara a gabashin birnin Landan, sashen da talauci ya fi yi wa katutu, kuma daga wannan makaranta aka aika ma'aikata zuwa ƙasashe da dama, har da Kwango. 'Yar'uwarta Geraldine ta auri ɗan Hudson Taylor, ta yi aiki a ƙasar Sin.

Cikin waɗanda suka yi karatun Littafi Mai Tsarki a wurin mahaifinta a Dublin akwai wani saurayi mai suna Thomas Barnardo. Ya tafi Landan a 1866 domin ya koyi aikin likita ya wuce ƙasar Sin, amma da ya ga yara suna kwana a titi cikin sanyi, sai ya tsaya a kansu har ƙarshen ransa. A 1876 ya buɗe ƙauyen 'yan mata a Barkingside. Maimakon ya tara su a babban gini ɗaya kamar barikin soja, sai ya gina ƙananan gidaje, kowanne da mace mai bi wadda yaran ke ɗauka a matsayin uwa, suna ci tare, suna addu'a tare, manya suna kula da ƙanana. Cikin irin waɗannan mutane Lucy ta girma, inda hidimar bishara da kula da yaron da ba shi da kowa suke tafiya kafaɗa da kafaɗa.

Alƙalami a hannunta

Baiwar da Allah ya ba Lucy ita ce rubutu, amma ba ta yarda ta rubuta abin da ba ta sani ba. Tana budurwa ta sa tufafi irin na 'yan matan da ke aikin ƙwadago a masana'antun gabashin Landan, ta shiga cikinsu domin ta ga wahalarsu da idonta, sa'an nan ta fitar da ɗan littafi a kansu. Ta zama editar mujallar Regions Beyond. A 1894 ta sa hannu a wani littafi game da Kudancin Amurka, a 1898 kuma ta wallafa labarin tafiyar da ta yi da mahaifinta a Indiya. Ko'ina ta juya, abin da ke damunta ɗaya ne: mutanen da duniya ta manta da su.

A Masar ta haɗu da wani matashi Bajamushe mai aikin bishara, Karl Kumm, wanda aka haifa a 1874. Suka yi aure a birnin Alƙahira a farkon 1900, Allah ya ba su 'ya'ya maza biyu. Zuciyarsu duka tana kan ƙasar Sudan. A wancan zamani wannan suna yana nufin dukan shimfiɗar ƙasa da ke kudu da Sahara, tun daga yamma har Kogin Nilu, har da ƙasar Hausa da Barno. Sun fara da ƙungiyar Sudan Pioneer Mission a Aswan, daga baya suka koma Ingila suka sake farawa a Sheffield a 1902. A 1904 aka sa wa ƙungiyar suna Sudan United Mission, wato SUM, kuma a wannan shekara Kumm tare da Dokta Bateman, John Burt da Lowry Maxwell suka iso Wase. Lucy ta zauna a Ingila da yara, tana rubutu a mujallar ƙungiyar, The Lightbearer, tana neman masu addu'a da masu bayarwa. Da ba domin masu riƙe igiya a gida ba, da masu shiga rijiya ba su daɗe ba.

Rasuwarta

A waɗannan shekaru labari ya cika duniya game da zaluncin da ake yi wa mutanen Kwango a ƙarƙashin Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam, inda ake kashe mutane ko a yanke musu hannu saboda roba. Ɗan'uwanta, Dokta Harry Guinness, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar yaƙi da wannan zalunci a 1904. Lucy ma ta ɗauki alƙalami. A 1906 ta bi mijinta Amurka domin neman goyon baya ga aikin SUM. Tana can a Northfield, garin mai wa'azi D. L. Moody, tana ƙoƙarin kammala littafi a kan Kwango, sai ciwo mai nasaba da juna biyu ya kama ta. Ta rasu a watan Agusta 1906, tana da shekara kamar 41, ta bar 'ya'yanta biyu ƙanana ba uwa.

Gidan da aka sa wa sunanta

Gwamnatin Arewa tana neman wanda zai karɓi nauyin yaran da ta 'yantar, gama jami'in gwamnati yana iya ba da abinci da tufafi, amma ba aikinsa ba ne reno. Kumm ya tara kuɗi, SUM ta gina gida a Rumasha, wadda ake kira Umaisha, a bakin Kogin Binuwai, ta sa masa suna Lucy Memorial Freed Slaves' Home domin tunawa da ita. A 1909 aka kawo yaran Zungeru can. An koya musu karatu da rubutu, da noma da sana'o'in hannu, da Maganar Allah. Daga baya aka mayar da gidan Wukari, aka kuma rufe shi a 1925, bayan da kamun bayi ya ragu ƙwarai, yaran kuma suka girma. Aikin SUM ya ci gaba ya haifi ikkilisiyoyi da dama, har da COCIN, ya kuma iso Barno ta wurin hidimar kutare a Molai, kusa da Maiduguri.

Ya kamata a faɗi gaskiya, babban gida irin wannan yana da iyaka. Yaro yana iya samun tuwo da makaranta, amma ya tashi ba shi da dangi, ba harshen iyayensa, ba wanda zai tsaya masa ranar aure. Shi ya sa masu wannan hidima a faɗin duniya suka karkata ga wata hanya: a nemi dangin yaro tukuna, in ba a samu ba a sa shi cikin iyali, in kuwa dole sai gidan marayu, to ya zama ƙarami, mai uwa tsayayya wadda ba a canja ta kowane wata.

Abin da ya rage gare mu

Tun daga 2009 rikicin Boko Haram ya mayar da yara masu ɗimbin yawa marayu a Barno, Kirista da Musulmi. Waɗansu sun ga mutuwar iyayensu da idonsu, waɗansu an ci zarafinsu, waɗansu kuma an haife su a daji, dangi suna ƙyamarsu. Maƙwabtanmu ba su naɗe hannu ba: Zannah Mustapha ya buɗe makarantar marayu a Maiduguri a 2007, ya karɓi yara daga kowane ɓangare, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Nansen a 2017. Mu da Yakubu 1:27 ta koya mana cewa kula da marayu da gwauraye yana cikin sahihiyar ibada, ba mu da hujjar zama a baya.

Hausawa sun ce ɗa na kowa ne, kuma al'adar riƙo tsohuwa ce a cikinmu. Amma akwai riƙo na ƙauna, akwai riƙon sakainar kashi. Idan maraya ne kaɗai ke ɗebo ruwa sa'ad da 'ya'yan gida suke makaranta, idan shi ne ke cin ƙanzo, idan an ci gādon ubansa da sunan riƙo, to ba a 'yantar da shi ba, ubangida kawai aka canja masa. Bari dattawan ikkilisiya su san kowane maraya da ke cikinsu da sunansa, su ziyarci gidan da yake, su saurare shi in ya kawo kuka. Bari zumuntar mata ta tallafa wa gwauruwa domin ta riƙe 'ya'yanta da kanta, gama ba gidan da ya fi na uwa. Iyalin da Allah ya buɗa musu kuwa, su ƙara tabarma ɗaya a ɗakin yara.

Lucy Kumm ba ta ga ko ɗaya daga cikin yaran Rumasha ba, duk da haka ta ba da ƙarfinta da baiwarta domin mutanen da take jin labarinsu daga nesa. Mu kuwa namu marayun suna zaune kusa da mu a sujada kowace Lahadi. Ubangiji, Uban marayu, ya ba mu idon ganinsu da zuciyar karɓarsu. Amin.