Paul Dirac: Shiru-shirun masanin da bai ji tsoron ƙasa da sifili ba

An haifi Paul Dirac ranar 8 ga Agusta, 1902, a birnin Bristol na ƙasar Ingila. Mahaifinsa ɗan Suwizalan ne mai koyar da Faransanci, kuma ya wajabta masa magana da harshen a lokacin cin abinci. Yaron ya gwammace ya yi gum, ƙarancin magana ya zame masa ɗabi'a har ƙarshen rayuwarsa.

Ya kammala karatun injiniyan lantarki a 1921, aiki ya gagara samuwa, sai ya koma lissafi, ya shiga Jami'ar Kambirij a 1923.

A 1926 ya duƙufa kan ilektiron, ƙananan ƙwayoyin da ke cikin zarra, waɗanda kamanninsu ya zarce na Hassan da Usaini. Uwa tana bambanta tagwayenta, amma ko an musanya ilektiron biyu, babu awon da zai nuna an taɓa su. A kan wannan ya gina ƙa'idar ƙidayar irin waɗannan ƙwayoyi, wadda ta hana biyu zama cikin hali guda. Enrico Fermi na Italiya ma ya gano ta a shekarar, shi ya sa take ɗauke da sunayensu. Da ita ake fahimtar gudun lantarki cikin sassan kwamfuta da wayar salula.

Lissafinsa na 1928 ya fito da kuzari ƙasa da sifili. Maimakon ya watsar, sai ya yi hasashen akwai kishiyar ilektiron. Carl Anderson ya gano ta a Amurka a 1932, shekara guda bayan nan Dirac ya raba lambar Nobel da Erwin Schrödinger.

Abin da ya fi ɗaure kai ya zo a laccarsa ta 1941 a Landan. A al'ada, ma'aunin yiwuwar aukuwar abu ba ya sauka ƙasa da sifili. Dirac ya ce kada a ɗauki wanda ya sauka a matsayin shirme, ya kwatanta shi da kuɗin da ke ƙasa da sifili. Bashi ke nan: ba ya shiga aljihu, amma lissafin ɗan kasuwa ba ya daidaita sai da shi. Yayan matarsa, Eugene Wigner, ya ci karo da irin wannan tun 1932, kuma har yau masana na muhawara kan ma'anarsa.

Dirac ya mutu ranar 20 ga Oktoba, 1984, a Tallahassee ta jihar Florida, bai gamsu da yadda aka toshe giɓin fannin da ya kafa ba.