Labarin Imamu Ahmadu ɗan Hambali

Da sunan Allah. Ya ku muridai, ina ba ku labarin Imamu Ahmadu, wanda Shehu Abdulƙadiri ya bi mazhabarsa. An haife shi Bagadaza shekara 164 ta Hijira. Shekara 218 Halifa Ma'amunu ya tilasta wa malamai ra'ayin Mu'utazilawa, wai Alƙur'ani abin halitta ne. Ahmadu ya ƙi, aka sa masa mari. Mu'utasimu ya sa aka yi masa bulala har ya suma. Da Mutawakkilu ya ɗauke fitinar, ya aiko masa dukiya, shi kuwa ya rabar ga matalauta. Ya rasu 241.

Ni dai na tsufa, na ga kyautar sarki ta fi bulalarsa karya malami. Allah ya tsare mu, amin.