Noor Jehan

Noor Jehan (21 ga Satumba, 1926 – 23 ga Disamba, 2000) mawaƙiya ce kuma 'yar wasan fim wadda ta fara suna a Indiya zamanin mulkin Birtaniya, daga baya ta zama babbar muryar fina-finan Pakistan. Ta fi yin waƙa da harsunan Urdu da Punjabi. A Pakistan ana yi mata laƙabi da Malika-e-Tarannum, wato sarauniyar daɗin murya.

Farkon rayuwa

An haife ta a garin Kasur na yankin Punjab, a gidan mawaƙa, sunanta na yanka Allah Wasai. Tana ƙarama iyalinta suka koma Kalkata, inda ta fara fitowa a fim a 1935. A can aka raɗa mata sunan da duniya ta san ta da shi, wanda ya haɗa harsuna biyu: nur na Larabci, haske, da jahan na Farisanci, duniya.

Sana'a

Fim ɗin Khandaan na 1942 shi ne na farko da ta ja ragama a matsayin babbar jaruma. Ta auri daraktansa, Shaukat Hussain Rizvi, suka koma Bombay. A lokacin jarumai kan rera waƙoƙinsu da bakinsu, ita kuwa ta haɗa abu biyun, ga wasa ga murya. Ta fito a Anmol Ghadi na 1946, wanda Naushad ya tsara wa kiɗa, sai Jugnu na 1947 tare da Dilip Kumar, wanda a lokacin bai gama yin suna ba.

Da aka raba ƙasar a 1947, ta zaɓi Pakistan. Zaɓin ba ƙarami ba ne, domin ta bar Bombay tana kan ganiyarta, ta tafi Lahore inda masana'antar fim ke farawa kusan daga tushe. Sai a 1951 ta sake fitowa, a Chan Wey, fim ɗin Punjabi da ya sa ake lissafa ta a matsayin mace ta farko da ta ba da umarni a fim a Pakistan.

Bayan rabuwarta da Rizvi ta auri jarumi Ejaz Durrani a 1959. Ta daina wasa bayan fim ɗin Ghalib na 1961, ta koma rera waƙa wasu jarumai na hawa kai, aikin da ta shafe sama da shekara 30 tana yi. Waƙoƙin kishin ƙasa da ta rera a gidan rediyon Lahore lokacin yaƙin Indiya da Pakistan na 1965 sun ƙara mata daraja matuƙa a gida. Duk da haka, da ta ziyarci Indiya a 1982, Dilip Kumar da Lata Mangeshkar na cikin waɗanda suka tarbe ta.

Rasuwa

Ta rasu a Karachi sanadiyyar ciwon zuciya, cikin watan Ramadan, tana da shekara 74. Ta bar 'ya'ya shida, ciki har da mawaƙiya Zil-e-Huma.