Taƙaitaccen Tarihin Fritz Zwicky

An haifi Fritz Zwicky ranar 14 ga Fabrairu, 1898, a birnin Varna na ƙasar Bulgeriya, inda mahaifinsa ɗan Suwizalan yake kasuwanci. Tun yana yaro aka kai shi wurin kakanninsa a Suwizalan. Ya yi karatun lissafi da kimiyya a Zurich, sannan a 1925 ya koma jami'ar Caltech da ke Amurka, inda ya yi aiki har tsufansa.

Abin da ya fi fito da sunansa ya faru ne a 1933, lokacin da ya yi nazarin wani taron galaksi mai suna Coma. Galaksi dai garke ne na biliyoyin taurari, kuma nauyi ne ke janyo irin waɗannan garkuna, ya hana su rabuwa. Zwicky ya lura cewa gudun da suke yi ya fi ƙarfin nauyin taurarin da ake gani. Da wannan nauyin ne kawai, da tuni sun watse kamar tsabar gero a kan faifan da aka juya da ƙarfi. Saboda haka ya ce lallai akwai wani ɓoyayyen abu mai nauyi, marar haske, da ke riƙe da su.

Masana ba su kula da maganarsa ba har kusan shekara 40. Lissafinsa ya zarce ƙima domin ma'aunin nisa na zamanin bai daidaita ba, ga shi kuma mutum ne mai kaifin harshe. Sai a shekarun 1970 Vera Rubin da Kent Ford suka nuna cewa taurarin da ke bakin galaksi ma gudunsu ya yi yawa. A 1978 kuma Simon White da Martin Rees suka bayyana cewa ɓoyayyen abin ne ya fara dunƙulewa, iskar gas ta taru a tsakiyarsa ta huce, taurari suka samu. Wato kowane galaksi a cikin lulluɓin wannan abu aka haife shi, kuma idan lulluɓi biyu suka haɗe, galaksin da ke ciki su ma sukan haɗe su girma.

Zwicky ya rasu ranar 8 ga Fabrairu, 1974, a Pasadena, kafin duniya ta gaskata shi. Yau masana sun yi ittifaƙin cewa wannan abu ya ninka abin da ake gani kusan sau biyar, amma har yanzu ba a gano ko mene ne shi ba.