FRANCIS ASTON: MUTUMIN DA YA AUNA ABIN DA IDO BA YA GANI

Kowane ɗan Fagge ko Sabon Gari ya san mudu da sikeli, gama da su ake awo a kasuwa. Amma kaɗan ne cikinmu suka san mutumin da ya ƙera ma'aunin ƙwayar zarra, wadda ko da madubin likita ba a ganinta. Sunansa Francis William Aston.

An haifi Aston a Harborne, kusa da birnin Bamingam na ƙasar Ingila, ran 1 ga Satumba, 1877. Ya yi karatun kimiyya a Kwalejin Mason. Bayan ya gama ya yi aikin shekara 3 a wata masana'anta, amma in ya dawo gida sai ya shiga ɗakin gwajin da ya haɗa wa kansa, yana hura gilashi yana ƙera kayan aiki da hannunsa. Wannan gwaninta ce ta zama jarinsa.

A 1910 ya tafi Kambirij ya zama mataimakin shahararren malamin nan J. J. Thomson. Suna cikin gwajin wata iska mai suna niyon sai suka ga alamu biyu, ɗaya mai nauyin 20, ɗaya mai nauyin 22, alhali kuwa littattafai sun ce nauyin niyon 20.2 ne. Aston ya yi zaton niyon iri biyu ce a gauraye. Ya yi ta tace ta cikin yumɓu sau da yawa domin ya raba su, amma bambancin da ya samu ɗan kaɗan ne, bai isa hujja ba. Ana cikin haka Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, aka tura shi aikin jiragen sama a Farnborough.

Da yaƙi ya ƙare ya koma kan aikinsa. A 1919 ya gama ƙera ma'aunin ƙwayoyin zarra. Aikin na'urar ya yi kama da shiƙar hatsi: iska takan kwashe ƙaiƙayi ta kai shi nesa, tsaba kuwa ta faɗi kusa. Haka nan a cikin na'urar, ana sa wa ƙwayoyin cajin lantarki, su bi ta tsakanin farantan lantarki da maganaɗisu. Marasa nauyi su karkace da yawa, masu nauyi su karkace kaɗan, kowane iri ya bar layinsa a jikin farantin hoto. Nan ta tabbata niyon iri biyu ce, wato abin da ake kira aisotof. Ya kuma nuna kulorin ma haka take, akwai mai 35, akwai mai 37. Kafin ya gama ya gano aisotof 212. A 1922 aka ba shi lambar yabo ta Nobel a fannin kimiyyar sinadarai.

Aston bai yi aure ba. Yana son kiɗan fiyano da goge, da wasanni, da tafiye-tafiye. Ya rasu a Kambirij ran 20 ga Nuwamba, 1945.

To, mene ne ruwanmu da shi a Kano? Jini, ko abinci, ko magani, kowannensu cakuɗe yake da abubuwa barkatai, tilas a ware su kafin a auna. Wani masani ɗan Rasha, Mikhail Tsvet, ya ƙirƙiro hanyar warewa a 1903. A shekarun 1950 aka haɗa irin wannan hanya da ma'aunin da Aston ya aza wa harsashi: ɗaya ta ware, ɗaya ta auna. Da haka ake gane abu ko da ɗigo ne.

A 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka yi da gyaɗa mai hunhuna. Bincike ya gano guba mai suna afalatoksin, wadda take lalata hanta. Ga garin da aka san shi da dalar gyaɗa, kuma har yau muke cin ƙuliƙuli, wannan ba labarin nesa ba ne. Haka kuma kasuwar Sabon Gari ta daɗe da suna wajen cinikin magunguna, jabu kuwa ba ya rubuta sunansa a goshi. Irin waɗannan na'urori na cikin kayan da masana ke amfani da su wajen bambanta na gari da na banza, aikin da aka kafa hukumar NAFDAC dominsa a 1993.

Ya ku ɗalibai, ku lura. Wani zai ga 20.2 ya ce ai 20 ne, ya wuce. Aston bai wuce ba, ya yi shekaru yana bin wannan ɗan bambanci. Idan kun shiga ɗakin gwaji, ku rubuta abin da ma'auni ya nuna, ba abin da kuke so ya nuna ba. Wata rana ran wani yaro zai rataya a kan lambar da ɗayanku ya rubuta. Ubangiji yana son ma'aunin gaskiya. Allah ya ba mu haƙuri da aminci cikin ƙaramin abu. Amin.